Periodis na Euratlas: taswirorin Turai 21, da shekarun da suka faɗa tsakaninsu

Periodis jerin taswirorin tarihi ne guda 21 na nahiyar Turai, wanda kamfanin Euratlas na ƙasar Suwizalan ya ɗora a shafinsa na intanet, kuma Christos Nüssli ne ya zana su. Ta farko tana nuna shekara ta 1 Miladiyya, ta biyu shekara ta 100, haka dai ake tafiya ɗari-ɗari har zuwa 2000. Kowace taswira tana nuna wa ke mulkin ina a wannan shekarar. Dubawa kyauta ne, ba a buƙatar rajista. Ga ɗalibin tarihi, ko malamin da zai koyar da yaƙe-yaƙen Turai, ko ɗan jaridar da ke son ya gane inda rikicin Yukiren ya samo asali, kayan aiki ne mai kyau. Amma yana da wani babban giɓi da tsarinsa ya haifar, kuma wanda bai san da shi ba zai iya tashi da fahimtar da ta fi rashin sani muni.

Amfani da shi ba wuya. Shekarar tana cikin adireshin shafin, don haka wanda ke kan 1500 yana iya goge lambar ya rubuta 1600 ya tafi kai tsaye. Kowace shekara tana da babbar taswira ta nahiyar gaba ɗaya, sannan an raba ta gida huɗu: arewa maso yamma, arewa maso gabas, kudu maso yamma da kudu maso gabas. A waya, babbar ba ta karantuwa sosai, rubutun ya yi ƙanana, gara a buɗe ta kusurwar da ake so a kwantar da wayar. Hotuna ne tsayayyu, ba sa motsi, saboda haka ba sa cin data kamar shafukan da ke loda taswira duk lokacin da aka ja yatsa. Dukkansu kuma ma'auninsu ɗaya ne, gefensu ɗaya ne. Wannan ya fi komai amfani: in aka buɗe 1600 da 1700 a shafi biyu ana tsallakawa tsakaninsu, teku da koguna suna nan inda suke, launuka ne kawai ke motsi, ido kuma nan take yake kama abin da ya canja.

A ƙarƙashin kowace taswira akwai jerin sunayen ƙasashe, kowanne da harafi a gefensa. S na nufin ƙasa mai cin gashin kanta, D na nufin wadda ke ƙarƙashin wata, P kuma al'umma ce da ke zaune a wuri ba tare da tsayayyiyar hukuma ba. Wannan rarrabewar ita ce ta ɗaga Periodis sama da yawancin taswirorin da ke yawo a Facebook da WhatsApp, waɗanda ke shafa wa daula launi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Daular Usmaniyya, ta Turkawa ake nufi ba ta Sakkwato ba, ba ta mulki duk ƙasashenta iri ɗaya ba. Bosniya da tsakiyar Hungari gwamnoni ake turo musu daga Istanbul. Wallachia da Moldavia da Transylvania kuwa, a yankin Romaniya ta yau, suna da sarakunansu Kirista, haraji suke kaiwa. Sarakunan Tatar na Kirimiya su ma suna kan gadonsu, suna bin Sarkin Istanbul tun daga 1475 har 1774. Taswirar da ta haɗa waɗannan duka a launi guda ta ɓoye yadda daular take aiki.

Inda sauyi ya tafi a hankali, tsarin ɗari-ɗari yana yin daidai. Andalus misali ce. A 700 Bisigot, wata ƙabila mai asalin Jamusawa, ne ke riƙe da Sifen. A 800 masarautar Ƙurɗuba ta kafu, bayan shigowar Musulmi a 711. A 1000 halifancin Ƙurɗuba yana kan ganiyarsa a zamanin al-Mansur. A 1100 Murabiɗai ne, a 1200 Muwahhidai. Daga nan sai yaƙin Las Navas de Tolosa a 1212, inda sarakunan Kirista suka ci Muwahhidai, Ƙurɗuba ta faɗi a 1236, Ishbiliya a 1248, don haka a 1300 da 1400 Garnaɗa ce kaɗai ta rage a kusurwar kudu, a 1500 kuma babu ita, ta faɗi a 1492. Mutum zai iya bin wannan labarin da taswirorin nan tara bai rasa kashin bayansa ba, ko da yake zamanin ƙananan sarakunan da suka raba Andalus bayan rushewar halifanci a 1031 kusan duk ya faɗa tsakanin taswira biyu. Iyakar Fotugal da Sifen ma haka: tun yarjejeniyar Alcañices ta 1297 kusan ba ta motsa ba, in ban da garin Olivenza da Sifen ta karɓe a 1801, wanda har yau Fotugal ba ta amince ba.

Wani lokaci kuma sa'a ce ke taimakon shekarar. Taswirar 1700 ta zo shekara guda bayan yarjejeniyar Karlowitz ta 1699, wadda Turkawa suka bar mafi yawan Hungari ga gidan Habsburg, masu sarautar Ostiriya, bayan kayen da suka sha a ƙofar Biyana a 1683. Ta 1800 kuma ta kama ƙasar Jamusawa ana gab da share ta. A lokacin, daular da ake kira ta Rum Mai Tsarki tana da ƙasashe wajen 300: na sarakuna, na limaman coci, da birane masu 'yanci. A 1803 aka haɗiye kusan duk na limaman, birane masu 'yanci suka ragu daga 51 zuwa 6, a 1806 aka rushe daular kanta. Taron Biyana na 1815 ya bar ƙasashe 39, a 1871 mafi yawansu suka dunƙule a ƙarƙashin Furushiya, babbar masarautar arewacin Jamus, ban da Ostiriya. Duk wanda ya ajiye 1800 kusa da 1900 zai ga tsumma mai faci ɗari ta koma ƙyalle ɗaya. Malami ba ya buƙatar dogon bayani bayan wannan.

To, ga matsalar. Duk ƙasar da aka haifa ta mutu a cikin ƙarni ɗaya, babu ita a Periodis. Tarayyar Sobiyet an kafa ta a 1922, ta wargaje a 1991. A taswirar 1900 akwai daular Rasha, a ta 2000 akwai Tarayyar Rasha da Yukiren da Belarus da ƙasashen Baltik uku, Sobiyet kuwa ko inuwarta babu. Chekoslobakiya ta rayu daga 1918 zuwa ƙarshen 1992, babu ita. Jamus ta Gabas, 1949 zuwa 1990, babu ita, wato raba Jamus gida biyu da katangar Balin duk ba su faru ba a idon wannan jerin. Yugoslabiya tana nan a 2000, amma ragowarta ce, Sabiya da Montenegro kawai. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, waɗanda suka fi kowane yaƙi jujjuya iyakokin Turai, duk sun shige ta tsakanin taswira ta 20 da ta 21.

Folan ce ta fi nuna illar wannan. A 1700 babbar ƙasa ce haɗe da Lituweniya. Rasha da Furushiya da Ostiriya suka yanyanka ta sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, har ta ɓace. Babu ita a 1800, babu ita a 1900, sai ga ta a 2000. Mai kallo zai ɗauka ta dawo ne kawai ta zauna inda take. Ba haka ba ne. Ta dawo a 1918 bayan shekara 123, daga baya faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 389,000, tana riƙe da Vilnius da Lviv. A 1939 Jamus da Sobiyet suka sake raba ta. A 1945 aka ɗauke ta sukutum aka tura ta yamma: ta rasa kusan murabba'in kilomita 180,000 a gabas, aka ba ta kusan 100,000 daga ƙasar Jamus har bakin kogunan Oder da Neisse, ta tsaya a kusan 312,000. Miliyoyin Jamusawa aka kora daga Silesia da Pomerania, aka zuba Folawan da aka kwaso daga gabas a gidajensu. Wannan shi ne tushen taswirar 2000, amma daga Periodis kaɗai ba za a san an yi ba.

Birnin Lviv kansa ya isa gwaji. Jerin zai ce: 1700 Folan, 1800 Ostiriya, 1900 Ostiriya-Hungari, 2000 Yukiren. Abin da ya tsallake shi ne mamayar Rasha ta 1914 zuwa 1915, 'yan makonnin gwamnatin Yukiren ta Yamma a Nuwamba 1918, mulkin Folan har 1939, na Sobiyet har 1941, na Jamus har 1944, sai Sobiyet kuma har 1991. Tsohon da aka haifa a can a 1910 ya kai 1995 ya ga duk waɗannan tutocin bai bar unguwarsu ba.

Ba ƙarni na 20 kaɗai abin ya shafa ba. Napoliyon a 1812 yana da larduna 130, Hambag da Amsadam da Rum duk cikin Faransa suke a hukumance. A 1800 bai kai nan ba, a 1900 an daɗe da mantawa. Charles na Biyar, wanda ya haɗa Sifen da Holan da Beljiyam na yau da kudancin Italiya da kujerar daular Jamusawa a hannu ɗaya daga 1519 zuwa 1556, ya faɗa tsakanin 1500 da 1600. 'Yan yaƙin Salibiyya sun kama Kusɗanɗiniyya, Istanbul ta yau, a 1204 sun kafa daularsu, aka ƙwace a 1261, ita ma babu. Yarjejeniyar Verdun ta 843, wadda jikokin Charlemagne uku, sarkin da ya mulki mafi yawan yammacin Turai, suka raba daularsa, ta bar wata doguwar ƙasa a tsakiya daga tekun arewa zuwa Italiya. Kafin 900 an sake yanka ta a 870 da 880. A kan wannan tsakiyar ne Faransa da Jamus suka yi ta jan igiya shekara dubu, kuma Alsace na cikinta: Faransa ta fara samun ƙafa a 1648, ta kama Strasbourg a 1681, Jamus ta karɓe a 1871, Faransa ta dawo a 1918, Jamus ta sake shiga a 1940, aka fitar da ita a 1944 zuwa 1945. Periodis zai nuna Faransa, Jamus, Faransa a taswirori uku na ƙarshe, zagaye guda ya ɓata.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ba a cika lura da ita ba. Shekarar da ta cika ɗari tana iya faɗowa a kan wani yanayi na 'yan watanni, mai kallo ya ɗauka haka ƙarnin yake. A 1600 sarkin Wallachia, Michael da ake wa laƙabi da Jarumi, ya riƙe Wallachia da Transylvania da Moldavia tare, abin bai wuce 'yan watanni ba, a 1601 aka kashe shi. A 1400 Sarki Bayazid na Turkawa yana kan ƙarfinsa, bayan shekara biyu Timur ya kama shi a yaƙin Ankara, daular ta tsage tsakanin 'ya'yansa har 1413. A 1800 sojojin Faransa suna Masar, sun shiga a 1798 sun fita a 1801. Arewacin Italiya a wannan shekarar ma ya danganta da watan da ake magana: kafin yaƙin Marengo na 14 ga Yuni Ostiriya ce ke da rinjaye, bayansa Faransa. Taswira ɗaya ba za ta ɗauki duka biyun ba.

Sai batun layin kansa. Periodis yana zana iyaka da siririn layi mai tsabta ko a 900 ko a 1900, alhali ba abu ɗaya ba ne. A zamanin da, abin da ke tsakanin sarakuna biyu yawanci daji ne ko fadama ko jerin ganuwoyi, ƙauye ɗaya kuma yana iya kai haraji ga wannan, shari'arsa tana hannun wancan, cocinsa yana bin na uku. Faransa da Sifen sun amince tsaunukan Pyrenees su zama iyakarsu a 1659, amma ba a bi ƙasa an kafa duwatsun shaida ba sai da yarjejeniyoyin Bayonne tsakanin 1856 da 1868. Shekara ɗari biyu kenan ana da iyaka a takarda, makiyaya suna ta gardamar kiwo a ƙasa. Ma'aunin taswirar ma ba ya barin ƙananan abubuwa su fito. Garin Llívia na Sifen yana zaune a cikin Faransa tun wancan zamanin saboda yarjejeniyar ta ce a miƙa ƙauyuka, shi kuma matsayin gari yake da shi. A Baarle akwai gutsattsarin ƙasar Beljiyam 22 a cikin Holan, iyaka tana ratsa gidaje da shaguna. Mai neman irin wannan sai ya nemi taswirar yanki.

Haka nan dole mai zane ya zaɓa tsakanin wanda ke riƙe da ƙasa da wanda takarda ta ba. Yammacin kogin Rhine yana hannun Faransa tun tsakiyar shekarun 1790, ta ma raba shi larduna a 1798, amma sai a yarjejeniyar Lunéville ta 1801 aka amince mata. Bosniya a 1900 ta Sarkin Istanbul ce a takarda, Ostiriya-Hungari ke mulkinta tun 1878, ba ta haɗiye ta ba sai 1908. In taswira biyu daga wurare daban-daban suka saɓa a irin waɗannan wuraren, ba lallai ɗaya ta yi kuskure ba.

Sunaye ma suna ruɗa mai farawa. Shafin ba shi da Hausa ko Larabci, kuma gari ɗaya yana iya zuwa da suna uku gwargwadon mai mulkinsa: Lemberg da Lwów da Lviv wuri ɗaya ne, haka Pressburg da Pozsony da Bratislava, haka Breslau da Wrocław, haka Königsberg da aka mayar Kaliningrad a 1946. Daular da littattafan makaranta ke kira Bizantiyum, mutanenta Rumawa suke kiran kansu, shi ya sa Larabawa suka ce Rum. Kada a haɗa ta da daular Jamusawa da ita ma ta ɗauki sunan Rum.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a bi gari, kada a bi ƙasa, domin ƙasa tana ɓacewa ko ta matsa, gari kuwa yana nan. A zaɓi guda huɗu ko biyar da ke bakin gaɓa, kamar Strasbourg da Lviv da Belgrade da Trieste da Vilnius. A ja layi a takarda, kowane ƙarni da gurbinsa, a cike mai mulki daga Periodis. Sannan a bar sarari tsakanin kowane gurbi biyu don shekarun manyan yarjejeniyoyi, a nemo taswirarsu daban: 1648, 1713, 1815, 1871, 1878, 1919 zuwa 1923, 1945, 1991. Waɗannan takwas sun toshe mafi yawan ramukan ƙarnuka huɗu na ƙarshe. Ta 1920 ce za ta nuna yadda yarjejeniyar Trianon ta rage Hungari daga kusan murabba'in kilomita 282,000 zuwa 93,000, abin da har yau yake tayar da jijiyar wuya tsakaninta da Romaniya da Slobakiya. In ana son gane wuri a taswirar yau, a yi amfani da koguna, Rhine da Danube da Oder da Vistula da Dnieper. Ɗora hoton Periodis kai tsaye a kan Google Maps ba ya zama daidai, domin yadda aka shimfiɗa duniya a takarda ya bambanta, arewa za ta zame.

Malamin da zai kai su aji ya sani cewa launi ne ke ɗauke da bayanin. In aka yi fotokwafi baƙi da fari, maƙwabta biyu sai su koma toka ɗaya, musamman a 1300 zuwa 1800 inda tsakiyar Turai ta cika da ƙananan ƙasashe. Gara a nuna a majigi ko a allon kwamfuta, ko a bi iyakokin manyan dauloli uku ko huɗu da maka a kan kwafin kafin a raba. Taswirorin kuma suna da haƙƙin mallaka, sa su a littafi ko jarida yana buƙatar izinin kamfanin.

Don cike giɓin akwai GeaCron, shafin da ake rubuta kowace shekara ya nuna duniya baki ɗaya tun 3000 kafin Miladiyya. A can za a ga 1812 da 1942 da 1961, sai dai zanensa bai kai na Periodis kyau ba, ƙananan ƙasashe suna narkewa. Akwai kuma Centennia, manhajar kwamfuta ta kuɗi, wadda ke bin Turai da Gabas ta Tsakiya daga wajen shekara ta 1000 tana motsa iyakoki sau da yawa a cikin shekara guda. Ita ce ta dace da mai nazarin yaƙi wata-wata. Euratlas kansa yana sayar da manhaja mai zuƙowa sosai da kuma bayanan iyakokin a tsarin da manhajojin taswira irin su QGIS ke karantawa. Wannan na masu bincike ne da ke son lissafa, misali, sau nawa wani yanki ya canja hannu. Su ma su tuna lissafin zai fito ƙasa da gaskiya, tun da duk canjin da ya je ya dawo cikin ƙarni ɗaya ba zai ƙirgu ba. Ɗalibi da malamin sakandare ba su da dalilin biya, na kyautar ya ishe su.

Jerin ya tsaya a 2000, don haka ballewar Montenegro a 2006, ayyana 'yancin Kosobo a 2008, ƙwace Kirimiya da Rasha ta yi a 2014 da yaƙin Yukiren da ya ɓarke a 2022 duk suna waje. Ta kudu kuma bai wuce arewacin Afirka ba. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 da ta mayar wa Faransa Alsace ita ce ta raba Jamus da Kamaru, Ingila da Faransa suka kasa ta, har aka zo ƙuri'ar 1961 da ta shigo da yankin Mubi da Gwoza da Gembu cikin Najeriya. Wannan rabin labarin sai a neme shi a taswirar Afirka.